Chevelle SS 396 ta 1970 da ba a taɓa sabunta ta ba: a gyara kafin a sayar, ko a bar ta yadda take?

Mai_Chevelle70

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san tsofaffin motocin Amurka masu manyan injina. Akwai Chevelle ta 1970, ƙirar Chevrolet na kamfanin General Motors (GM), mai ƙofa biyu da za a sayar cikin kayan gado, tana jihar Pennsylvania. Tambarin SS 396 (Super Sport, samfurin mai babban inji) ne a jikinta, giyar hannu mai huɗu, shuɗin fenti, rufin kuma an lulluɓe shi da baƙar leda tun daga kamfani. Agogo yana nuna mil 61,400. Tun 1994 take ajiye a gareji mai daɓen siminti, ba a sake tayar da ita ba.

Fentin ya dushe, ya yi tsage-tsage a bonet da murfin but. Kujerar direba ta yage a ɗinki, akwai tsatsa a ƙasan fendar gaba ta dama, ledar rufi ta ɗan kumbura kusa da gilashin baya. Ɓeraye sun shiga ciki.

Wani mai gareji ya ce a yi mata sabon fenti da kushin, a wanke inji, za ta fi kuɗi. Wani kuma ya ce ko ƙura kada a share. Wanne ne daidai? A tayar da injin ko a bari? Kuma ina ya fi dacewa a kai ta?

Lambar_Inji

Wa alaikumus salam. Malam, ka ajiye maganar fenti tukuna. Abin da zai yanke kuɗin motar nan shi ne ko za ka iya tabbatar da cewa SS ce ta gaske, kuma injin da ke cikinta shi ne wanda ta fito da shi.

Ga inda matsalar take. Daga 1966 zuwa 1968 SS 396 tana da lambar samfuri tata, wadda ke farawa da 138. Daga 1969 ta koma ƙarin kaya da mai saye ke zaɓa, a 1970 a kan samfurin Chevelle da ake kira Malibu, kuma sai 1972 Chevrolet ta fara saka harafin inji cikin lambar mota. Saboda haka lambar da ke kan dashbod ɗinka za ta fara da 13637, wato Malibu mai silinda takwas, daga nan 0 na shekara, sai harafin masana'anta: A Atlanta, B Baltimore, K Kansas City, L Van Nuys, R Arlington, da sauransu. Babu inda ta ce SS. Tambari, bonet mai tudu da dashbod mai zagayayyun agogo duk ana sayar da sababbinsu, shi ya sa SS ɗin jabu suka cika kasuwa, masu saye kuma sun sani.

Ka fara da takardu. Ka nemi ɗan littafin garanti, a bayansa akwai farantin ƙarfe da ake kira Protect-O-Plate, wanda aka buga wa lambobin inji, giyabos da gatarin baya a juye, tare da sunan wanda ya fara sayen motar. Sai takardar haɗi, wadda ma'aikatan masana'anta ke bi suna ɗaura kaya. Sau da yawa sukan bar ta cikin motar: tsakanin wayoyin ƙarƙashin kujerar baya, bayan murfin ƙofa, ƙarƙashin kafet, ko a saman tankin mai. Idan ka ga Z25 a kanta, SS 396 ce, L34 kuma shi ne injin mai ƙarfin doki 350. Tunda ɓeraye sun shiga, ka ɗaga kujerar a hankali, kowace 'yar guntuwar takarda ka adana. Kamfanin ba ya ba da bayanin kayan Chevelle ta 1970 da aka haɗa a Amurka, sai wadda aka haɗa ko aka sayar a Kanada ce ake samun bayananta a wurin GM na Kanada. Masu Pontiac da Ford sun huta da wannan, suna da PHS da rahoton Marti, masu ba da bayanin kayan da mota ta fito da su daga masana'anta.

Sai injin. A gaban bulo, ɓangaren fasinja, daidai gaban kan silinda, akwai ɗan fili mai santsi. Ka goge shi da tsumma da kananzir kawai. Kada sanfefa ko burushin ƙarfe su taɓa shi, domin akwai siraran layuka da injin masana'anta ya bari, daga gaba zuwa baya, kuma su masana ke dubawa da madubin ƙara girma su gane ko an goge an sake bugawa. Za ka ga kamar T0312CTX: T masana'antar Tonawanda, 0312 ranar 12 ga Maris, CTX kuma L34 mai giyar hannu. Kusa da shi akwai guntun lambar motar, wanda ƙarshensa ya kamata ya yi daidai da lambobi shida na ƙarshe da ke dashbod. A wasu motocin a kusa da matatar mai aka buga wannan guntun, kada ka firgita idan ba ka gan shi a gaba ba. Giyabos ɗin Muncie shi ma yana ɗauke da guntun lambar, harafin ƙarshe na kwanan watansa kuma yana faɗin irinsa: A na M20, B na M21, C na M22.

Ka haɗa duk wannan da farantin bodi da ke bangon da ya raba inji da cikin mota. A nan ake samun makon da aka haɗa bodin, misali 03C, mako na uku na Maris, da lambar fenti. Idan shuɗin Fathom Blue ne za ka ga 28. Ƙa'idar ita ce kwanan watan inji, kafireta, altaneta da dilko (mai rarraba wuta ga fulogi) ya riga na bodi da 'yan kwanaki ko makonni. Wanda ya zo bayansa, canji ne.

Wani abu kuma: sunanta 396, amma injin na 1970 a zahiri inci 402 ne, an ɗan faɗaɗa silindojin aka bar tsohon suna. Idan ka ci karo da 402 a wata takarda ba kuskure ba ne.

Faranti biyun nan, na dashbod da na bodi, kada a kwance su ko da don a goge ne. Ƙusoshin da suka riƙe na dashbod masu siffa ta musamman ne, da zarar an ga an taɓa su zargi ya shigo, kuma sauya lambar mota laifi ne a dokar tarayyar Amurka.

Bakanike_V8

Abin da Malam Lambar_Inji ya faɗa haka yake. Ni kan tayar da inji zan yi magana. Motar da ke tashi, tana tafiya, tana tsayawa ta fi jawo masu saye, amma injin da ya kwana shekara talatin ba a sa masa batir a murɗa makulli.

Ka fara jan sandar awon mai. Idan man ya yi fari kamar an dama, ruwa ya shiga, ka tsaya nan. Idan baƙi ne kawai, a kwance fulogi takwas a jera su bisa lambar silinda, a zuba mai mara kauri wajen cokali biyu a kowane rami, a bar shi kwana biyu ko uku. A cire murafen bawul. Sai a juya injin da hannu ta babban notin gaba, a hankali, ana kallon kowane bawul yana sauka yana dawowa. Idan ya cije, a ƙara mai a ƙara jira. Ƙarfi ba ya aiki a nan, zoben fistin ne zai karye ko notin ya tsinke.

Idan ya zagaya sau biyu lafiya, a juye tsohon mai, a sa sabo da sabuwar matata, kwat 5, wato wajen lita 4.7. A nemi mai mai yawan sinadarin zinki, don kam ɗin waɗannan injina gogayya yake yi kai tsaye da ƙafafun bawul, man zamani kuma an rage masa zinki. A yi alama a mazaunin dilko a cire shi, a juya famfon mai da dirila har mai ya fito a saman kowane bawul, sannan a mayar.

Babban abin da ke kashe irin waɗannan injina shi ne tsohon fetur. Ya zama danƙo a tanki. Idan injin ya sha shi zai iya tashi ya yi aiki lafiya lau, amma da ya huce danƙon ya kame bawul, washegari a tayar sandunan tura bawul su lanƙwashe. Don haka a cire tiyon da ya fito daga tanki, a ba shi sabon fetur daga galan, da abin kashe gobara a kusa. Famfon fetur ma fatarsa ta bushe, yakan zubar da fetur cikin baƙin mai, a sansana sandar awo bayan ya yi aiki. Akwai kuma haƙoran gargaren sarƙar taimin, waɗanda a injinan GM da yawa na zamanin roba ce aka lulluɓa musu. Ta kan farfashe ta toshe ragar famfon mai. Idan allurar matsin mai ba ta tashi ba cikin 'yan daƙiƙu, a kashe.

Birki kuwa kada a yarda da shi sam. Ruwan birki yana shan laima, bututun ƙarfe kan ci daga ciki, sai an taka da ƙarfi su fashe. A canza tiyoyin roba, a duba bututun, a sa sabon ruwa.

Ga wanda ake yawan asara a kansa: masu sayar da kayan gyara sukan karɓi tsohon kaya su rage maka kuɗin sabo. Kada ka ba da kafiretar Quadrajet, altaneta, famfon ruwa ko tukunyar birki. Duk suna da lamba da kwanan wata. A gyara na asalin, ko a sa sabo a zuba tsohon a kwali ya bi motar. Har maƙalan tiyo da fanbel.

Maganar wanki, a yi hotuna tun tana inda take da ƙurarta. Bayan haka ruwa da sabulun mota mai laushi, da hannu. Injin feshin ruwa mai ƙarfi zai tafi da rubutun alli da ke bangon inji, ɗigon fentin da masu duba aiki suka yi a gatari, da 'yan takardun da ke manne a sifirin, waɗanda su ne shaidar ba a taɓa kwance motar ba. Fentin GM na zamanin, irin wanda ake kira lacquer, siriri ne, injin goge fenti yana cinye shi a gefuna nan take har a ga abin da ke ƙasa. Kashin ɓera kuma ba a share shi a bushe, yana ɗauke da cuta. A sa safar hannu da takunkumi, a jiƙa shi da maganin kashe ƙwayoyin cuta, sannan a kwashe.

Sabon fenti da kushin da mai garejin ya ce, gyaran gangar Auzinawa ne.

Tsatsa_Ba_Wasa

Ban ƙi ta taku ba, amma kada a sa wa bawan Allah rai da yawa. Motar da aka adana daban, wadda aka yi watsi da ita daban, ko da yake dukkansu ba a taɓa sabunta su ba. Masu biyan kuɗi mai kauri don asali suna neman wadda za a iya nunawa yadda take. Bloomington Gold, masu tantance motar Corvette ta Chevrolet, ma'aunin da suka kafa tun farko shi ne fiye da rabi ya kasance na asali a aƙalla uku cikin ɓangarori huɗu: waje, ciki, ɗakin inji da ƙarƙashi, kuma ya kasance bai lalace ba har ya kasa zama abin koyi. Da irin wannan idon ake kallon sauran motocin ma.

Abin da ya dame ni a bayaninka shi ne Pennsylvania da kumburin ledar nan. Jiha ce da ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, motar kuma ta yi shekara ashirin da huɗu tana yawo kafin a ajiye ta. Chevelle tana da sananniyar cuta a magudanar gilashin baya: ruwa ya kwanta a ƙarƙashin adon ƙarfe, ya huda, ya sauka cikin but. Ka ɗaga shimfiɗar but ka haska tocila a kusurwoyi da aljihunan da ke bayan tayoyin baya. Kumburin ka danna shi da yatsa, idan ya yi ƙaras-ƙaras rami ne a ƙasa. Amma kada ka yanke ledar don ka gani, ka ɗauki hoto ka faɗa.

Sai ka ɗaga motar. Bodinta a kan firam yake zaune, ka bi firam ɗin da sukundireba kana dannawa, musamman bayan tayoyin gaba, wurin da hannayen gatarin baya suka kama, da mazaunan robobin bodi. Jar tsatsa ta sama ba komai ba ce. Wadda ke ɓarewa falle-falle ko ƙarfe ya lotsa, wannan ta sauya lissafi.

Fentin ma a auna shi. Na'urar awon kaurin fenti ba ta da tsada. Na kamfani yakan tsaya wajen mil 3 zuwa 6, mil a nan kashi ɗaya cikin dubu na inci. Wurin da ya ninka haka an sake fesa shi, wanda ya wuce iyakar na'urar ko maganaɗisu ya ƙi kamawa akwai fila. A auna kowane fanel wuri huɗu ko biyar, a rubuta.

Mil 61,400 kuma da'awa ce har sai an kawo shaida. Agogon lamba biyar gare shi, bayan 99,999 sifili yake komawa, don haka 161,400 ma haka zai nuna. Rasiɗan gyara masu kwanan wata, takardun canjin mai da ke manne a bakin ƙofa, cin robar kulochi da ta birki, su ne za su goyi baya. In babu, ka rubuta cewa abin da agogo ke nunawa ke nan, ka tsaya.

Ko da ta tabbata sai an sabunta ta, ba kai za ka yi ba. Aikin da ake raba bodi da firam yana iya cin sa'a 1,000. A dala 100 kowace sa'a, dala 100,000 ke nan kafin a sayi noti ɗaya. A kan Chevelle mai injin LS6 mai ƙarfin doki 450 ana iya fita, a kan L34 da wuya kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Rabin gyara kuma ya fi muni, don mai saye zai ɗauka sabon fentin wani abu yake rufewa.

Mai_Chevelle70

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. An samu takardar haɗi a ƙarƙashin kujerar baya, ɓera ya ci kusurwa ɗaya amma Z25 da L34 suna karantuwa. Lambar inji ta dace da ta dashbod. Ƙofar direba da fendar hagu sun nuna kauri ninki biyu, sauran na kamfani ne. But yana da rami kamar tafin hannu a dama, firam lafiya. Injin yana juyawa da hannu. Takardar mallaka da sunan marigayin take. Yanzu sai maganar inda za a sayar.

Dillalin_Gwanjo

Allah ya jiƙansa. Alhaji, ka fara da takardar mallakar nan kafin talla. Wanda kotu ta naɗa ya kula da gadon ne ke da ikon sa hannu, da takardar naɗin da shaidar rasuwa. Ka tambayi ofishin rajistar motoci na jihar abin da suke buƙata, don kowace jiha da tsarinta. Ka kuma gwada lambar da ke takardar da ta dashbod harafi bayan harafi. Kuskuren buga lamba ɗaya tun 1970 ya isa ya tsayar da ciniki a ranar biya. A sa wani mai kimanta tsofaffin motoci ya rubuta darajarta, don ana buƙatar hakan wajen rabon gado da haraji, a kuma yi mata inshorar da aka amince da adadin kuɗi tun farko har ta bar hannunku.

Farashi, kada ka kalli abin da mutane ke nema a talla, ka kalli abin da aka sallama. Jadawalin farashi na Hagerty, kamfanin inshorar tsofaffin motoci, yana da mataki huɗu, 1 ita ce ta gasa, 4 mai lahani da ake gani. Taka a yanayin jiki tana wajen 4, amma takardar haɗi da injin asali da yawancin fentin kamfani suna ɗaga ta sama da abin da jadawalin zai nuna. Ka nemo cinikin L34 mai giyar hannu da takardu na shekara ɗaya ko biyu da suka wuce, ka bar na LS6 da na buɗaɗɗen rufi, ba ajinsu ɗaya ba.

Ga irin wannan mota ni gwanjon intanet na fi so, kamar Bring a Trailer. Kwana bakwai ake yi, mai saye ke biyan kashi 5 cikin 100 har zuwa wani iyaka, kuɗin mai sayarwa kaɗan ne, motar kuma tana gida. Duk tayin da ya shigo a minti biyun ƙarshe yana ƙara lokaci. Sai dai masu sharhi a can ba sa ragawa, akwai waɗanda suka haddace kowace ƙusa ta Chevelle. Ka riga su faɗa: ƙofa da fenda an sake fesawa, ga awon, ga ramin but da ma'auni a gefensa. Hotuna su haura ɗari, rabinsu na ƙarƙashi da lambobi, da bidiyon tayar da inji a sanyi idan an kai ga haka. A tsaya a amsa tambayoyi duk kwana bakwan, shirun mai mota yana karya tayi.

Manyan kamfanonin gwanjo na ido da ido kuwa, Mecum a Kissimmee cikin Janairu ko Indianapolis cikin Mayu, da Barrett-Jackson a Scottsdale, suna tara masu kuɗi, amma akwai kuɗin shiga, la'ada, da jigila a rufaffiyar tirela, kuma ranar da sa'ar da aka ba ka suna da tasiri sosai. Barrett-Jackson galibi babu mafi ƙarancin farashi, abin da aka taya shi ke nan. A ƙarƙashin fitilunsu mota mai ƙyalli ce ke jan ido. Idan babu gaggawa, baje kolin motoci na MCACN da ake yi a Rosemont ta jihar Illinois cikin Nuwamba yana da sashen tantance motocin da ba a sabunta ba, takardarsu tana da nauyi wurin masu saye.

Wajen biya, a tura kuɗi banki zuwa banki, ka kira bankinka da kanka su tabbatar sun zauna kafin mota ko takarda su fita. Cekin banki na jabu yana iya nunawa a asusu kwanaki kafin ya dawo. Wanda ya turo fiye da kuɗin ya ce ka miƙa ragowar ga mai jigila, ɗan damfara ne. A takardar ciniki a rubuta lambar mota, abin da agogo ke nunawa, da cewa an sayar yadda take babu garanti.

Lambar_Inji

Madalla da samun takardar. Kada a manna mata salatif, kada a rufe ta da roba mai zafi, zafin da gam ɗin suna cinye tawada. A sa ta a jakar adana takardu marar asid, a shimfiɗe, nesa da rana, a ɗauki hotonta gaba da baya. Kwafi ake nuna wa masu zuwa kallo, ta asalin sai ranar da kuɗi suka shiga. Ka kuma duba lambar da ke samanta ta dace da motarka, don akan samu takardar motar da ke gaba ko baya a layin haɗi ta faɗo cikin wata.

Tayoyin da ke ƙafarta a duba lambar DOT da ke gefen taya, mai nuna lokacin da aka yi ta. Lamba uku a ƙarshe na nufin kafin 2000 aka yi su, ba a hawa titi da su. A ara wasu ƙafafun don gwajin tuƙi, nata a ajiye. Idan safayar da ke but ita ce ta kamfani, ko iska kada a ƙara mata.